ƘARAR GIDAN FAIFAN KWAMFUTA: CIWO NE KO GYARAN MURYA?

Daga Wakilinmu a Jos

A kan Hanyar Bauchi cikin birnin Jos, ba nisa da ƙofar Jami'ar Jos, akwai shaguna jere na masu buga takardu da kwamfuta, inda ɗalibai da malamai da masu neman aiki su ke kai rubuce-rubucensu a buga musu. A ɗaya daga cikinsu na saba kai nawa aikin duk sa'ad da na sauka garin, kuma a nan ne na tarad da wata 'yar gardama cikin sanyin watan Disamba, wadda ita ce mafarin wannan bayani.

Kwamfutar da mai shagon ya fi dogara da ita, wata tsohuwa irin ta tebur, ita ce ta ɓullo da wata ƙara. Da an kunna ta da safe sai a ji wani gurnani daga wajen gidan faifai, watau wurin nan mai tire da a ke saka faifan CD, wanda masu gyara ke kira sidi-rom. Can an jima ana cikin aiki kuma sai a ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa tebur da farce. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, an yi wata da watanni ba a saka faifai a ciki ba. Yaron shago ya ce ɓera ne ya shiga. Wani ɗalibi ya ce ƙwayar cuta ce ta kama kwamfutar. Tela maƙwabcinsu ya kawo man keken ɗinki ya ce a ɗiga. Shi kuwa mai shago ya yanke shawara a kwance gidan faifan a jefar, kowa ya huta. Duk wannan gardama ana yinta ne a kan injin da ke ɗauke da kundayen kammala karatu na ɗalibai masu yawa, waɗansunsu ma sun riga sun yar da rubutun hannun da aka kwafo.

Irin wannan matsala ba a shago guda ta tsaya ba, ana samunta a ofisoshi da makarantu da gidaje ko'ina cikin ƙasar nan. Jama'a kuwa sukan kasu kashi biyu game da ita. Akwai mai saurin firgita, wanda da ya ji motsi sai ya kinkimi kwamfuta ya kai gyara, ya biya kuɗin ciwon da babu shi. Akwai kuma mai sakaci, wanda zai ce ai ƙara ce kawai, har ran da zai yi hasarar da ba ta da mayarwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowace ƙara da dalilinta, kuma mai kunne yana iya rarrabe ta lafiya da ta ciwo tun bai taɓa sukundireba ba.

DA TSOHUWAR ZUMA A KE MAGANI

Watakila mai karatu ya ce, me ya sa za a ɓata tawada a kan abin da zamani ya wuce? Amsar tana cikin tarihin faifan kansa. Kamfanoni biyu, Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan, su ne suka haɗa kai suka ƙago faifan CD, aka fara sayar da shi cikin 1982 domin waƙe-waƙe. Cikin 1985 aka fito da irin wanda kwamfuta ke karantawa. Faɗinsa santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, yana ɗaukar sauti na minti 74 zuwa 80, ko kuwa bayanai megabait 650 zuwa 700. Cikin 1996 faifan DVD ya shigo kasuwa, yana ɗaukar gigabait 4.7, watau kusan ninki bakwai na CD, sa'an nan cikin 2006 Blu-ray ya biyo baya da gigabait 25.

A nan ƙasarmu faifai ya shiga kowane gida. Finafinan Hausa, waɗanda suka soma a kan kaset ɗin bidiyo tun daga Turmin Danya na 1990, daga baya faifai suka koma. Karatun Alƙur'ani da tafsirin malamai, waƙoƙin majami'u, bikin aure da na suna, hotunan asibiti, takardun ofis da sakamakon jarrabawar makarantu, duk a kan faifai aka riƙa adana su shekara da shekaru. Jos kuwa gari ne na masu aikin hoto da sauti, gama a nan ne hedkwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta ke, wadda aka kafa cikin 1979, a nan ne kuma Kwalejin Talabijin ta NTA ta ke a Rayfield. Da wuya ka shiga ɗakin wanda ya yi wannan sana'a ka rasa kwali cike da fayafayai.

Amma tun daga 2008, sa'ad da kamfanin Apple ya fito da kwamfutarsa MacBook Air ba tare da gidan faifai ba, sauran kamfanoni suka yi ta bin sawu, har ya zamana yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su zuwa da shi. Cikin Fabrairu 2025 kamfanin Sony da kansa ya daina ƙera fayafayan Blu-ray da a ke naɗar bayanai a kansu. Saboda haka wannan tsohon gidan faifai da ke gurnani a kusurwar ofis, mai yiwuwa ne shi kaɗai ya rage ƙofar da za a bi a kai ga abin da aka adana shekaru ashirin da suka wuce. Wanda ya jefar da shi don ya yi ƙara, ya jefar da mabuɗi ya bar akwati a kulle.

ABIN DA KE CIKI

In aka buɗe gidan faifai na kwamfutar tebur, za a tarar da 'yan ƙananan injina uku. Na farko shi ke fito da tire ya mai da shi, yana aiki da wani siririn bel na roba da 'yan ƙafafu masu haƙora irin na cikin agogo. Na biyu shi ke juya faifai. Sa'ad da a ke sauraron waƙa yakan juya shi sau 200 zuwa 500 a minti ɗaya, amma in ana kwafar bayanai da gidan faifai mai sauri, irin wanda aka rubuta wa 52X a goshi, juyin yakan wuce sau 10,000 a minti. Na uku shi ke tura idon da ke karatu gaba da baya a kan wasu sandunan ƙarfe masu santsi da aka shafa wa giris.

Shi idon, ɗan madubi ne ƙarami wanda hasken leza ke bi ta cikinsa ya sauka a kan faifai ya dawo. Rubutun da ke kan faifai layi ɗaya ne tak, ya faro daga tsakiya yana kewayawa zuwa baki kamar ɗinkin faifan kaba, tsawonsa ya fi kilomita 5. Domin idon ya iya bin layi mai sirantaka haka, an rataye shi a tsakanin 'yan wayoyi da maganaɗisu, yana hawa yana sauka har ya daidaita ganinsa. Daga sama kuma akwai wani ɗan murfi mai maganaɗisu wanda ke danne faifai kada ya kubce. Akwai kuma ƙananan makunnai da ke gaya wa injin cewa tire ya rufu, ko ido ya koma mazauninsa.

A kwamfutar tafi-da-gidanka abin ya ɗan bambanta. Babu inji mai fito da tire, wani ɗan sakata ne ke sakinsa ya yi tsalle kaɗan, mutum ya ƙarasa jawowa da hannu. Amma juyi da tafiyar ido duk ɗaya ne. Kowace ƙara da za a ji, daga ɗaya cikin waɗannan sassa ta ke fitowa.

ƘARAR DA BA TA CIWO BA

Gidan faifai ba shi da hanyar sanin ko da faifai a cikinsa sai ya duba. Don haka duk lokacin da wuta ta shige shi, sai ya mai da ido zuwa tsakiya har ya taɓa makunni, ya kunna leza, ya ɗaga idon ya sauke sau biyu ko uku yana neman abin da zai dawo masa da haske, wani lokaci ma ya ɗan motsa injin juyi. In bai ga kome ba sai ya yi shiru. Wannan shi ne gurnani da 'yar ƙaras-ƙaras ɗin da a ke ji na daƙiƙa kaɗan in an kunna kwamfuta. Gyaran murya ne kawai, kamar maigadi ya haska tocila a zaure ya ga ba kowa ya koma ya zauna.

Wannan dubawa ba lokacin kunnawa kaɗai a ke yinta ba. Ana yinta in kwamfuta ta farka daga barci, da kuma duk sa'ad da aka rufe tire. A waɗansu kwamfutocin tafi-da-gidanka, tsarin tattalin batir yakan yanke wa gidan faifai wuta, ya mayar masa in an jona caja, saboda haka sai a ji shi ya motsa duk lokacin da aka kawo wuta ko aka ɗauke. In kuma an tsara kwamfutar ta fara neman faifai kafin ta nemi Windows, watau a jerin tashi na cikin BIOS, dubawar takan ɗan daɗe.

Har ila yau akwai manhajojin da ke leƙa gidan faifai ba tare da an aike su ba. Manhajar rigakafin ƙwayoyin cuta takan bi kowace ma'ajiya tana bincike. Manhajar kallon fim ko ta naɗar faifai takan tambaya ko an saka wani abu. Ko buɗe jerin ma'ajiyoyin kwamfuta kawai yana iya sa shi ya motsa. Alamar irin wannan ƙara ita ce gajeruwa ce, ba ta canza salo, tana zuwa tare da ƙiftawar 'yar fitilar da ke goshin gidan faifan, kuma tana da lokacin zuwa. Mai irin wannan ba ya bukatar mai gyara.

ƘARAR DA KE NUNA CIWO

Ta farko ita ce ta busasshen giris. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin ƙafa 4,000 daga gaɓar teku, kuma cikin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka kusa da digiri 10 da dare. Sanyi yana daskarar da tsohon giris, ƙurar hunturu kuma tana bin kafofin tire ta cakuɗe da shi ya zama kamar ƙullu. Sai idon ya kasa tafiya a kan sandunansa, injin na turawa haƙora na zamewa, a ji gurr-gurr ko kuwa ƙarar da ke maimaita kanta ba tsayawa. Wanda ya lura zai ga ta fi tsanani da sassafe, ta ragu in ɗaki ya ɗumama. Mutanen Kano da Sakkwato da Maiduguri ba su da sanyin Jos, amma ƙurarsu ta isa ta yi wannan aiki.

Ta biyu ita ce ta bel. Roba tana saki in ta tsufa. Sai a danna maɓalli a ji inji yana wuu, tire ya ƙi fitowa, ko ya yi ƙat ya tsaya. Abin mamaki a nan shi ne, wannan ciwo ya fi bayyana in gidan faifan ba kome a ciki. Dalili kuwa, in akwai faifai, kaurinsa yana shiga tsakanin maganaɗisun murfi da kan injin juyi, riƙon ya yi sauƙi. In babu faifai sai su manne da juna kai tsaye, sakakken bel ya kasa raba su. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa nasa ba ya buɗewa sai ya bar faifai a ciki. Maganinsa sabon bel ne, wanda ba shi da tsada.

Ta uku ita ce ta makunni mai datti. In makunnin da ke shaida rufuwar tire ya yi tsatsa ko ƙura ta toshe shi, injin ba zai san tire ya rufu ba, sai ya yi ta turawa, ko tire ya riƙa fita yana komawa shi kaɗai, har mai tsoro ya fara zargin abin da ba a gani.

Ta huɗu ita ce ta baƙon abu. Takardar da a ke mannawa a bayan faifai takan ɓalle ta maƙale a ciki. Yara sukan tura kwabo ko tsinke. Kyankyasai suna son ɗumin wurin. Faifai mai tsaga kuma, in aka juya shi da gudun nan na sau 10,000 a minti, yana iya tarwatsewa, a kwashe manyan gutsattsari a bar ƙanana suna ƙara duk lokacin da tire ya motsa.

Ta biyar ita ce ta wuta. In wayar da ke kai wa gidan faifai wuta ta yi sako-sako, ko akwatin wutar kwamfutar ya raunana saboda tsufa da hawa da saukar lantarki da na janareta, gidan faifan zai riƙa mutuwa yana farfaɗowa, kowane farfaɗowa kuwa sai ya sake dubawar nan tasa daga farko. Nan ƙarar irin ta lafiya ce, yawanta ne ya zama alamar ciwo, kuma ciwon ba a jikinsa ya ke ba. Haka nan in kusoshin da suka riƙe shi sun kwance, girgizar fanka takan sa shi ya yi ta kaɗawa alhali shi ko motsi bai yi ba.

KADA A BAR JAKI A DAKI TAIKI

Wannan ya kawo mu ga babban haɗarin. Akwatin kwamfuta kamar ganga ya ke, ƙara takan tashi a wani wuri a ji ta a wani. A yawancin kwamfutocin tebur, rumbun ajiya, watau had-dis, yana zaune ne a ƙarƙashin gidan faifai, tazararsu ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Shi ma yana da fayafayai na ƙarfe ko gilashi a rufe a cikinsa, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai karatu. In ya fara lalacewa sai hannun nan ya riƙa kai da komowa yana bugawa, a ji ƙas, ƙas, kwamfuta ta yi nauyi ko ta tsaya cik. Gidan faifai in ya mutu an yi hasarar ƙarfe ne. Rumbu in ya mutu, da shi da duk abin da ke cikinsa su ke tafiya. Sababbin rumbuna da a ke kira SSD ba su da abin da ke juyawa, don haka ba su ƙara, amma tsofaffin kwamfutocin da ke da gidan faifai yawancinsu da tsohon rumbu su ke.

Ga yadda mutum zai bi ya gano mai laifi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Da farko a saurara, a riƙe lokacin da ƙarar ke zuwa: da kunnawa ne, ko da jona caja, ko da buɗe wata manhaja, ko kuwa ba ta da lokaci. A dubi 'yar fitilar gidan faifai, a kuma ɗora yatsa a goshinsa. In fitila ba ta ƙifta ba, yatsa kuma bai ji motsi ba, to a fara zargin wani wuri.

Na biyu, a fito da tire a bar shi a buɗe na ɗan lokaci. Gidan faifai ba ya juyi ko neman faifai in tirensa na waje. In ƙarar ta ci gaba, ba tasa ba ce. A haska tocila ciki a ga ko akwai abin da ya maƙale.

Na uku, a saka faifai mai kyau wanda ba a jin hasararsa. In ya karanta shi lami lafiya, ido da injin juyi suna nan ƙalau. Kada a yi gwaji da faifan da babu irinsa, gama gidan faifai mai ciwo yana iya karce shi.

Na huɗu, a sake kunna kwamfutar a shiga BIOS, a bar ta nan na minti goma. A wannan wuri Windows da manhajojinta ba su tashi ba tukuna. In an yi shiru, to mai yiwuwa wata manhaja ce ke tsokanar gidan faifan, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa a shiga Device Manager a dakatar da shi har ranar da za a bukace shi. Sai dai a sani wannan ba ya yanke masa wuta, gyaran muryar nan ta lokacin kunnawa tana nan.

Na biyar, wanda shi ne mai raba gardama, a kashe kwamfutar, a zare wayarta daga bango, a buɗe murfin gefe, a cire wayoyi biyu da ke bayan gidan faifan, ta wuta da ta bayanai, sa'an nan a kunna. In ƙarar ta ɗauke, an kama mai laifi. In tana nan, saura fanka ko rumbu. Ta fanka ba ta yankewa, kamar kukan ƙudan zuma, ko kuwa karkar in waya ta taɓa fiffikenta. Ta rumbu kuwa bugu ne mai tazara. Wanda ya ji wannan kada ya tsaya wata-wata, ya kwashe muhimman takardunsa zuwa filashi ko wani rumbu a ranar, ya fara da waɗanda ba su da madadi.

Wannan gwaji na biyar shi aka yi a shagon Hanyar Bauchi, bayan wani mai gyara ya zo ya ƙi karɓar man tela. Da aka cire wayoyin gidan faifai, gurnanin safe ya ɗauke, amma ƙas-ƙas ɗin nan ta ci gaba. Ashe ƙara biyu ce aka haɗa aka ɗora wa abu guda. Gidan faifan lafiyarsa lau, ban da giris da ya bushe. Rumbun ne ke bankwana. Aka rufe shago aka wuni ana kwashe kundayen ɗalibai, 'yan kaɗan suka ƙi kwafuwa aka sake buga su, kuma ba a yi mako biyu ba rumbun ya daina tashi ɗungum. Da an bi shawarar farko an jefar da gidan faifai an ci gaba da aiki, da yara da yawa sun koma gidan jiya ana gab da miƙa kundi.

GYARAN GANGAR ABZINAWA

Akwai abubuwan da ya kamata a guje musu, don kada garin neman gira a rasa ido. Kada a mari kwamfuta don ta yi shiru, gama dukan da a ke nufin gidan faifai da shi rumbu ne ke shan wahalarsa. Kada a ɗiga man gyaɗa, ko man keke, ko baƙin mai, ko kananzir. Suna kama ƙura, suna cin roba, in kuma suka taɓa ido ya makance. Abin da a ke yi shi ne a goge tsohon giris a shafa ɗan kaɗan na irin wanda aka yi domin roba da ƙananan injina. Ido kuwa da ɗan auduga mai ɗigon sifirit a ke shafa shi, a hankali ƙwarai, gama wayoyin da ke riƙe da shi sirara ne. Kada a hura iska da baki, don tana tafe da danshi.

Kada a fizgi tire da wuƙa ko cokali. A goshin gidan faifai akwai wata 'yar huda kamar ta allura. A kashe kwamfuta, a miƙe ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu, a tura shi ciki a hankali, tire zai saki. Kada kuma a kunna gidan faifai a buɗe a leƙa idon. Hasken lezar CD ba a ganinsa sosai, amma yana cutar da idon mutum. Akwatin wutar kwamfuta kuwa a bar wa masu sana'ar, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Wanda zai kai gyara ya tafi da bayaninsa: yaushe ƙarar ke zuwa, wane gwaji ya yi, me ya gani. Ya nemi a yi gwajin cire waya a gabansa kafin a yi maganar kuɗi. Masu gyara na kirki suna da yawa, kuma ba su jin haushin mai tambaya. In gidan faifan ya mutu murus, akwai na hannu a wurin masu sayar da kayan kwamfuta, akwai kuma irin na waje da a ke jonawa ta kafar USB, wanda ke aiki har da sabuwar kwamfutar da ba ta zo da nata ba. Rigakafi kuwa bai wuce a rufe kwamfuta da ƙyalle in an kashe ta ba, a ɗaga ta daga ƙasa, a sa mata sitabilaiza, a kuma riƙa buɗe tire ana rufewa lokaci-lokaci don kada bel ya sandare.

TUN DA SAURAN ƘOFA

Saura magana ɗaya. Faifai ma ba ya dawwama, musamman irin wanda aka naɗa a shago ko a gida. Rana da zafi da danshi suna cin fuskar da rubutun ke kai, har wata rana a saka shi a tarar ba ya karantuwa. Saboda haka duk wanda gidan faifansa ke aiki yau, ko da yana gurnani, ya zauna ya kwashe abin da ke kan fayafayansa, ya ajiye a wuri biyu dabam-dabam.

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai cikin 2016 aka gano naɗe-naɗensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, aka gyara shi aka mai da shi na zamani, har aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin cikin 2018. Wannan fim ne na ƙasa, ya sami masu nemansa da masu kashe masa kuɗi. Faifan auren iyayenka, da muryar malamin da ya riga mu gidan gaskiya, da hoton filin gado, ba su da mai ceto sai kai. Mutanen Jos, waɗanda suka wayi gari cikin Fabrairu 2002 suka ga babbar kasuwar Terminus ta ƙone da dukiyar da ke cikinta, ba su bukatar a gaya musu abin da ke samun kayan da aka tara a wuri guda.

Don haka in kwamfuta ta yi ƙara, a kasa kunne tukuna, a san daga ina ta fito, a kwashe abin da ke da muhimmanci, sa'an nan a yi maganar gyara. Allah Ya kiyashe mu hasara.